Awon Ƙwazon Malamai a Yarjejeniyar Ƙwadago a Amurka

A da, yarjejeniyar da ƙungiyoyin malamai ke ƙullawa da hukumomin ilimi a biranen Amurka ta fi mai da hankali kan albashi, da lokutan aiki, da fifita wanda ya daɗe yana koyarwa idan an zo rage ma'aikata. Daga 2009 zuwa yau, wani babi ya shigo ya kankane teburin sasantawa: sau nawa za a shiga aji a duba malami, wa zai duba shi, maki nawa kowane fanni zai ɗauka, kuma ina malamin zai kai kuka idan bai gamsu ba. A ganina wannan sauyi alheri ne, muddin ma'aunin abu ne da malamin zai iya tantancewa da kansa.

Abu biyu ne suka haifar da shi. A 2009 wani rahoto mai suna The Widget Effect ya nuna cewa a gundumomin da ake raba malamai gida biyu, waɗanda suka gamsar da waɗanda ba su gamsar ba, fiye da kashi 99 cikin ɗari ana rubuta musu cewa sun gamsar. Awon da kowa ke ci kuwa ba ya raba gwani da rago. A shekarar ce kuma gwamnatin Obama ta ware dala biliyan 4.35 ga shirin Race to the Top, inda jihohi ke gasar samun kuɗi, kuma cikin abubuwan da ake dubawa har da haɗa darajar malami da sakamakon jarrabawar ɗalibansa. Jihar Illinois ta yi tata dokar awon malamai a 2010. Da aka zo zuba dokar cikin yarjejeniya a Chicago, da ke jihar, sai aka kasa daidaitawa, malamai suka shiga yajin aiki a Satumbar 2012 ƙarƙashin jagorancin Karen Lewis, aka rufe makarantu kwana bakwai. A ƙarshe an tsayar da kason sakamakon ɗalibai a kan kashi 30 cikin ɗari, ƙasa da abin da magajin gari Rahm Emanuel ya nema.

Masu suka suna cewa duk lokacin da ƙungiya ta sa hannu a tsarin awo, kare ragwaye take yi, kuma yaran talakawa ne ke kwana ciki. Hujjarsu ba ta banza ba ce. A birnin Washington, shugabar makarantun birnin, Michelle Rhee, ta kafa tsarin IMPACT a 2009 ba tare da sasantawa da ƙungiya ba, aka sallami malamai da dama a 2010 saboda ƙarancin maki, daga baya kuma binciken Thomas Dee da James Wyckoff ya gano cewa malaman da ke gab da kora sun ƙara ƙwazo, wasu kuma sun ajiye aikin da kansu. Sai dai yawancin malaman Washington da duban aji aka auna su, abin da mutum yake gani kuma yake iya ƙalubalanta. Inda aka jingina da lissafin kwamfuta zalla, labarin ya sha bamban. A Houston, kamfanin da ya ƙera ma'aunin ya ƙi bayyana yadda ake fitar da maki, yana cewa sirrin kasuwancinsa ne. Malamai suka kai ƙara, kuma a 2017 hukumar ilimi ta birnin ta yarda ba za ta ƙara korar kowa da makin da ba a iya tantancewa ba. Tun a 2014 ma ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta ce malamai ke da alhakin kashi 1 zuwa 14 cikin ɗari ne kawai na bambancin da ake gani a sakamakon jarrabawa. Ta yaya za a raba mutum da abincinsa da irin wannan mudu?

Shigar ƙungiya kuma ba ta nufin rufa wa rago asiri. A Toledo ta jihar Ohio, tun 1981 ƙungiyar malamai da hukuma suka amince ƙwararrun malamai su riƙa bibiyar sababbi da masu rauni, su horar da su, su kuma ba da shawarar sallamar wanda ya kasa gyaruwa. A 2015 dokar ilimi ta tarayya ta daina matsa wa jihohi kan haɗa awo da jarrabawa, jihohi da dama suka rage kason, amma babin duban aji da na ɗaukaka ƙara suna nan daram a yarjejeniyoyin.