Me ya sa tsohuwar mota ke jijjiga idan wayar fulogi ta lalace?

Direbobin tasi a Kumasi da Accra sun san wannan matsala: mota na tsaye a danja tana karkarwa, a taka totur ta yi tari, a hau tudu ta rasa ƙarfi, ga shan mai kamar ana zubar da shi. Makanikai kan ce injin yana "misin", wato ɗaya daga cikin silindojinsa ba ya ƙona man da aka tura masa.

Abu uku silinda ke buƙata: man fetur gauraye da iska, da matsi, da kuma tartsatsin wuta. A tsofaffin motoci, musamman waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1990, koyil ne ke ɗaga wutar batir mai bolt 12 zuwa bolt dubu 20 ko fiye, distiributa ya rarraba ta, sannan wayoyi masu kauri su kai ta ga kowane fulogi. Shekaru na zafin inji da tsiyayar baƙin mai kan busar da robar wayar har ta tsage. Daga nan wutar sai ta tsallake zuwa jikin injin, ba ta isa fulogin ba. Shi ya sa matsalar ke ƙaruwa da damina ko da sanyin asuba, domin laima na sauƙaƙa wa wutar hanyar zurarewa.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. A buɗe bonet da dare, injin na aiki, a duba ko za a ga ƙyallin shuɗin tartsatsi a jikin wayoyin, ko a ji ƙarar ƙyas-ƙyas. Kada a taɓa su da hannu a lokacin; wutar na fizga sosai.

Na biyu shi ne musanye. Bayan an kashe injin, a cire wayar da ake zargi gaba ɗaya, a musanya ta da ta wani silinda. Idan matsalar ta bi wayar, an gano mai laifi. Idan ta tsaya inda take, sai a koma kan fulogin kansa, sannan nozul, sannan a auna matsi. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 na da tsarin OBD-II, kuma na'urar bincike za ta nuna lamba: P0301 na nufin silinda na ɗaya, P0300 kuma matsalar ba ta tsaya a silinda guda ba.

A nan ne mutane da dama ke yin asara. Wasu kan amince a sauke musu inji kafin a duba wayar da ba ta kai kuɗin cika tanki ba, alhali a kasuwanni irin su Abossey Okai da Suame Magazine ba ta wuyar samu. Wasu kuma kan ci gaba da tuƙi a haka, ɗanyen mai na gangarawa salansa yana ƙona matatar hayaƙi, wadda ta ninka wayoyin tsada. Idan fitilar gargaɗin inji na ƙiftawa, wannan haɗarin take nunawa.

Wajen sauyawa, gara a sauya saitin duka, amma ɗaya bayan ɗaya, ana jan hular roba ba wayar ba. Yawancin injuna masu silinda huɗu na tashi ne a jerin 1-3-4-2, kuma wayoyi biyu kacal da aka juya sun isa su hana motar tashi.