Yadda Ake Raba Haske Da Duhu A Cikin Hoto

Duk mai ɗaukar hoto da ya taɓa aiki ranar Sallah ko wurin ɗaurin aure ya san wahalar da farar babbar riga take bayarwa idan rana ta take. In ya daidaita kyamararsa domin fuska ta fito, sai rigar ta koma fari fat, aikin da ke wuyanta ya ɓace. In kuwa ya bi ta kan rigar, sai fuskar ta dushe, mai ita ya ce ba shi ba ne, ya ƙi biya.

A zamanin ɗakin wankin hoto, gwani yakan sa tafin hannu ko guntun kwali ya tare haske daga wani sashe na takarda, ya bar wani sashen ya ƙara sha. To, yanzu manhaja ce ke wannan aiki, irin su Photoshop, wadda ta fito a shekarar 1990, da GIMP wadda ake samu kyauta.

Ga yadda abin yake. Hoton kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne, kowane ɗigo kuma yana da lambar haskensa, daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat. Saboda haka maimakon mutum ya yi ta zagaye riga da hannu, sai ya umarci manhajar ta zaɓo masa ɗigogin da haskensu ya kama, a ce, daga 190 zuwa 255. Nan take za ta ware rigar da sararin sama, ya rage musu haske, fuska tana nan ba a taɓa ta ba. Sa'an nan ya zaɓi masu duhu, ya ɗan buɗe inuwar da hula ta yi wa idanu. Wajibi ne ya sassauta gefen abin da ya zaɓa, in ba haka ba sai a ga wani zobe ya kewaye kan mutum, kowa ya gane an yi gyara. Wani mai ɗaukar hoto na Amurka, Tony Kuyper, ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa wannan dabara da bayanin da ya wallafa a 2006.

Amma fa akwai iyaka. Wurin da ya ƙone ya kai 255 babu sauran zane a cikinsa, in an rage haskensa toka-toka kawai zai koma. Rigakafi tun wurin ɗauka ya fi magani.

Daɗin daɗawa, dabarar da ke fito da fuska ita ce kuma ke iya sauya ta. Fito da kamannin mutum gyara ne. Mai da baƙi fari kuwa ha'inci ne, musamman a hoton jarida, wanda jama'a suke ɗauka a matsayin shaida. Masu wannan sana'a sai su riƙe amana.