Jego Bayan Tiyatar Haihuwa

Idan ta hanyar tiyata aka ciro miki jariri, ki sani babban aiki aka yi miki, domin an buɗe ciki da mahaifa sannan aka ɗinke. Fatar waje takan haɗe da wuri, amma ɗinkin ciki yana buƙatar kimanin mako 6. Saboda haka kwana arba'in ɗin jego su zame miki na hutu sosai.

Kula da ɗinki

Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa wurin. Ki wanke shi a hankali da ruwa mai ɗumi, ki tsane shi da tsumma mai tsabta. Kada a shafa masa mai, ko toka, ko garin magani. Wankan jego da tafasasshen ruwa, da gasa ciki, da kwanciya a gadon wuta na iya ƙona wurin ko su sa ya ruɓe. Kunun kanwa kuma yana tara ruwa a jiki, ya wahalar da zuciya.

Aiki da motsi

Kada ki ɗauki abin da ya fi jaririnki nauyi. Daka, da jan ruwa a rijiya, da ɗaukar kayan kasuwa, da doguwar tafiya a kan babur, duk su jira. Amma kada ki wuni a kwance: ki riƙa takawa a tsakar gida, don kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa. In za ki tashi, ki juya ta gefe ki dafa da hannu. In tari ya zo, ki dafe cikin da matashi.

Ki ci wake, da ƙwai, da nama, da zogale, ki sha ruwa da yawa, ki shanye magungunan da aka ba ki. Ki shayar da jariri nono zalla har wata 6.

Alamomin da ba a kwana da su

A garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne, idan an ga:
- zazzaɓi, ko ɗinki ya kumbura yana fitar da mugunya;
- jini yana jiƙa ƙunzugu cikin sa'a guda, ko yana wari;
- ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya;
- matsanancin ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko jijjiga.

Gare ku maigida da dangi

Ku ɗauke mata girki da ɗiban ruwa, ku samo mai tsare mata rumfa. Ranar suna ku bar ta ta zauna, baƙi su same ta a ɗaki. Asarar ciniki na 'yan makonni ta fi sauƙi a kan komawa ɗakin tiyata.

Kafin wani cikin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 kafin a sake ɗaukar ciki. Haihuwa ta gaba a yi ta a asibitin da ake tiyata, domin tabon mahaifa yana iya tsagewa lokacin naƙuda. Ki adana katin asibitinki. Ko a Maraɗi aka yi miki aikin kika koma Katsina, ko daga Illela kika tsallaka Birnin Ƙonni, ki nuna shi ga duk ma'aikacin lafiyar da zai duba ki.

Allah Ya raya, Ya ƙara lafiya.