Dalilin da ke sa manhaja ta rufe kanta da zarar ta nemi shiga intanet

Kana buɗe manhaja ta hau lafiya lau, amma da ka danna wurin shiga asusu ko duba taswira sai ta ɓace, ta maido ka fuskar waya. A gari irin Jibiya, inda waya kan iya sakin sabis ɗin Najeriya ta kama na Nijar idan ka matsa bakin iyaka, kowa zai ce netwok ne. Ba lallai ba ne. Manhajar da ta rasa netwok takan tsaya tana juyi, ko ta ce ka sake gwadawa. Wadda ke mutuwa nan take, kuma a wuri ɗaya kullum, mai yiwuwa wani sashe na jikinta ta nema ta rasa.

Yawancin manhajojin Android da yaren Java ko Kotlin ake rubuta su, kuma an yanka umarninsu gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa ana ce mata kilas. Waya ba ta ɗora su duka lokaci guda. Akwai mai lodin kilas, wanda aikinsa kamar na yaron shago ne, sai an buƙaci kaya yake zuwa ya ɗauko. Shi ya sa manhajar ke buɗewa lafiya: ba a aike shi neman kilas ɗin da ke magana da saba ba sai da ka danna maɓallin. Idan ya dawo hannu rabbana, kuskuren da masu haɗa manhaja ke gani shi ne ClassNotFoundException ko NoClassDefFoundError.

Yaron nan yana da wata ɗabi'a da ke jawo rigima. Kafin ya duba kayan da manhajar ta zo da su, sai ya fara leƙa babban siton Android. In ya samu kilas mai suna iri ɗaya a can, shi zai ɗauko, ko da tsohon yayi ne. Haka aka sha fama da Apache HTTP, wani tarin kilas na tura saƙo zuwa saba, wanda Android ta daɗe tana ɗauke da tsohon samfurinsa. Mai manhaja zai saka sabo, waya ta yi amfani da tsoho, a nemi wani umarni a rasa. Google ta daina goyon bayansa a Android 6 a 2015, sannan a Android 9 a 2018 ta cire shi daga jerin da ake lodawa kai tsaye. Nan kuma wasu manhajojin da aka sabunta don Android 9, har da masu amfani da taswirar Google Maps, suka riƙa faɗuwa domin sun dogara da kayan da ba ya nan. Gyaran layi ɗaya ne a fayil ɗin AndroidManifest, inda ake neman org.apache.http.legacy, ko kuma mai manhajar ya saka nasa samfurin ya sauya masa suna don kada su yi karo da na waya.

Wanda ya fi shafarmu shi ne turin manhaja daga waya zuwa waya. Duk wanda ya zauna a Jibiya lokacin da aka katse layukan sadarwa a Satumban 2021 ya san amfanin abin da ba ya buƙatar data, kuma Xender ta zama ruwan dare tun kafin nan. Sai dai daga Agustan 2021 Google ta wajabta wa sababbin manhajoji a Play Store wani tsari da ke raba manhaja gida-gida: uwar fayil, sai ɓangaren da ya dace da injin wayarka, da na kaifin hoton allonta, da na yare. Idan aka turo maka uwar kaɗai, ko ɓangarorin wayar da injinta ya bambanta da naka, tana iya ƙin hawa, ko ta hau ta faɗi a hanya.

Saboda haka kada ka yi saurin kai waya a yi mata filashin. Ka biya kuɗi, ka rasa hotuna da lambobi, matsalar kuma tana nan. Share ma'ajiyar wucin gadi ma ba ya dawo da kilas ɗin da babu shi. Cire manhajar, ka sauko da ita daga Play Store da kanka. Manhajar banki kuwa bai kamata a karɓe ta a hannun kowa ba. In har ta ci gaba da faɗuwa, laifin na masu ita ne, sai ka tura musu sunan wayarka da lambar Android ɗinta da wurin da take mutuwa.

Ga masu koyon haɗa manhaja: idan taka tana aiki a gwaji amma tana faɗuwa bayan ka fitar da ita, duba R8, mai rage nauyin manhaja. Yakan goge ko ya sauya sunan kilas ɗin da yake ganin ba a amfani da su, alhali Gson na nemansu da suna lokacin karanta amsar saba. Rubuta dokar da za ta hana shi taɓa su a fayil ɗin proguard-rules.pro, sannan ka gwada samfurin fitarwar a waya ta gaske, musamman tsohuwa.