Rubutun Zinariya a Katin Sana'a: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Biya

'Yan'uwa, da yawa a cikinmu muna da 'yar sana'a ban da noma. Akwai masu ɗinki, kafintoci, masu kiwon zuma, da ƙungiyoyin mata masu yin man kaɗanya, sabulu ko ƙuli-ƙuli. Idan muka kai kaya birni, mai saye yakan ce, "Ina katinku?" Katin sana'a ƙaramar takarda ce mai kauri, girmanta kusan na katin cire kuɗi a banki, wato kamar milimita 85 a tsawo da 55 a faɗi. A kanta ake rubuta suna, sana'a, gari da lambar waya.

Idan kun je wurin mai buga takardu, zai iya nuna muku kati iri biyu. Ɗaya na tawada ne kawai. Ɗayan kuwa haruffansa suna walƙiya kamar zinariya, kuɗinsa kuma ya fi yawa. Kafin ku taɓa kuɗin asusun ƙungiya, yana da kyau ku san yadda ake yin wannan ado, da inda yake da amfani.

Zinariya ce ta gaske?

A'a. Ku duba bangon Littafi Mai Tsarki ko littafin waƙoƙi da ke gidanku. Sau da yawa sunan littafin yana rubuce da haruffa masu ƙyalli. Irin wannan aikin ne ake yi a kan kati.

A zamanin dā masu ɗinka littattafai da zinariya ta gaske suke yi. Sukan buge ta har ta zama falle siriri ƙwarai, su shimfiɗa a kan fata, su danna da ƙarfe mai zafi. Aiki ne mai tsada da cin lokaci. A shekarar 1892 wani mutumin Jamus mai suna Ernst Oeser ya yi rajistar wata dabara ta yin fallen bugawa da zafi. Kamfanin Leonhard Kurz, wanda aka kafa a garin Fürth na Jamus a 1899, da bugun fallen zinariya ya fara, yau kuma yana cikin manyan masu yin fallen ƙyalli a duniya.

Fallen da ake amfani da shi yanzu, wanda masu buga takardu suke kira foyil, yana zuwa a naɗe kamar zare. Ko da yake siriri ne, hawa biyar ne a manne. Akwai leda da ke riƙe da shi. Sai wani abu kamar kakin zuma da ke sa ya saki ledar in ya ji zafi. Sai fenti mai launi wanda ake ganin abin da ke bayansa. Sai alminiyam, irin ƙarfen tukwanen nan marasa nauyi, amma an shafa shi siriri fiye da gashin kai nesa ba kusa ba. Na ƙarshe shi ne gam. Alminiyam shi ke ba da ƙyalli. In fentin rawaya ne, sai ya yi kama da zinariya. In babu launi, sai ya yi kama da azurfa. Akwai kuma ja, kore da shuɗi.

Yaya ake buga shi?

Da farko ana sassaƙa sunan ko alamar a kan wani ɗan ƙarfe, a juye, kamar hatimin ofis. Ana yin wannan hatimi da magniziyam, jan ƙarfe ko tagulla. Na magniziyam ya fi araha, amma ya fi saurin cinyewa. Na tagulla ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa.

Sai a ɗaura hatimin a inji, a zafafa shi, galibi tsakanin digiri 100 da 150, wato daidai da zafin tafasasshen ruwa ko fiye. Ana sa fallen tsakanin hatimi da kati, injin ya danna na ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido. Zafi ya narkar da gam, ƙyallin ya manne a daidai inda hatimin ya taɓa, ledar kuma ta tafi da sauran. Shi ya sa in kun shafa kati da yatsa za ku ji haruffan sun ɗan nutse.

Akwai wata hanya mai sauƙi wadda ba ta bukatar hatimi. Ana buga rubutun da injin fotokwafi ko firinta mai amfani da garin tawada, a shimfiɗa fallen a kai, a bi da shi cikin injin da ake like katin shaida da leda. Zafi ya sa garin tawadar ya yi danƙo ya kama fallen. Wannan ya dace da kati kaɗan. Amma haruffan ba sa nutsewa, kuma in zafin bai daidaita ba, sukan fito da ɗigo-ɗigo ko su ɓare. Firinta mai tawadar ruwa ba ta yin wannan aiki.

Me ya sa yake da tsada?

Kuɗin yana cikin hatimi da lokacin saita inji. Ko kati 100 za a buga ko 1,000, hatimi ɗaya za a sassaƙa. In an raba kuɗinsa a kan kati 1,000, abin da zai hau kan kowane kati kashi ɗaya ne cikin goma na abin da zai hau in kati 100 ne. Kowane launi kuma yana bukatar nasa zagaye a inji. Ba kowace maɗaba'a ce take da wannan inji ba. Wata za ta karɓi aikinku ta aika wa wata a babban birni, har zuwa Shomolu a Legas inda masu buga takardu suka yi yawa. Kuɗin mota ma a kanku zai faɗa.

Shawarwari in kun yanke shawarar yi

1. Ku sa ƙyallin a wuri ɗaya kawai, sunan sana'a ko alamarta. Waɗannan ba sa canzawa, don haka hatimin zai yi muku aiki shekaru.

2. Lambar waya ku buga ta da baƙar tawada, da manyan lambobi. Ƙananan haruffa masu ƙyalli suna da wuyar karantawa a rana ko a hasken fitila, musamman ga dattawa. In kuma kun canza layi, ba sai kun sake biyan sabon hatimi ba.

3. Ku guji siraran layuka da rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ƙyallin yakan cike ramin ƙananan haruffa ko ya yanke.

4. Ku zaɓi takarda mai kauri da santsi. Masu bugawa suna auna kauri da giram. Ku nemi mai giram 300 zuwa sama. A siririyar takarda, sawun hatimin yakan ɓullo ta baya.

5. Ƙyalli ya fi fitowa a kan launi mai duhu, kamar baƙi, kore ko shuɗi, domin fallen yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa. In gaban katin mai duhu ne, ku bar bayansa fari domin lambar waya.

6. Gani ya kori ji. Ku nemi samfuri. Ku goga shi da babban yatsa, ku ɗan kankare da farce, ku sa shi a aljihu kwana biyu. In ya ɓare, kada ku ba da aikin.

7. Mutum biyu su karanta rubutun kafin a sassaƙa hatimi. Kuskuren harafi ɗaya a ƙarfe ba ya gyaruwa.

8. Ku yi yarjejeniya a rubuce kan yawan kati, farashi da ranar karɓa, da kuma cewa hatimin naku ne bayan an gama.

9. Kada ku rubuta abin da ba haka yake ba. In kayanku ba su da rajistar NAFDAC, kada ku sa lamba ko alamar hukumar. Laifi ne a doka, kuma yana zubar da mutuncin ƙungiya.

Wa ya kamata ya yi?

In kuna kai zuma ko man kaɗanya manyan shaguna da otal-otal, ko kuna zuwa baje kolin kaya inda katinku zai kwanta cikin na mutane da yawa, ɗan ƙyalli a kan suna zai iya sa a tuna da ku. Amma in masu sayenku maƙwabta ne da 'yan kasuwar mako waɗanda suka san ƙofar gidanku, kati mai tsabta na tawada ya isa. Ragowar kuɗin ku sayi kwalabe masu kyau, ma'auni ko zare.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, gaskiya ne. Amma kada mu ci bashi domin ado. Kati alkawari ne cewa in an kira za mu amsa, in an saya za a sami kaya mai kyau da mudu cikakke. Kyan alkawari kuwa cikawa. Ku tattauna wannan a taron ƙungiyarku na gaba kafin ma'aji ya buɗe asusu.