Yadda ake wanke tsoffin duwatsun akwatin kifin teku domin shawo kan gansakuka

A wasu otal-otal, ofisoshi da gidajen birnin Abuja, baƙo kan yi kiciɓis da akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye masu launi suna kai da kawowa a tsakanin duwatsu. Galibin waɗannan akwatuna na ruwan daɗi ne, amma akwai ƙalilan da ake cikawa da ruwan gishiri domin kiwon kifin teku da murjani, duk da cewa tsakanin Abuja da gaɓar tekun Legas akwai tafiyar sama da kilomita 700 a mota.

Matsalar da ta fi addabar masu irin wannan kiwo ita ce gansakuka. Sai a wayi gari wani koren gashi ya lulluɓe duwatsun, ya danne murjanin da aka saya da tsada, ya hana shi samun haske har ya mutu. A kankare yau, bayan mako guda ya dawo. A sauya ruwa, a rage wa kifi abinci, amma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sau da yawa asalin matsalar yana cikin dutsen ne kansa, musamman idan tsoho ne da ya shekara da shekaru a ruwa, ko kuma na hannu da aka saya daga wanda ya daina kiwon.

Me ya sa tsohon dutse ke haifar da gansakuka?

Dutsen da ake sa wa akwatin ruwan gishiri daban yake da duwatsun da suka kewaye Abuja. Dutsen Zuma da Dutsen Aso duwatsu ne masu tauri da nauyi, waɗanda ruwa ba ya ratsa su. Shi kuwa dutsen teku ragowar ƙasusuwan murjani ne, dangin dutsen farar ƙasa irin wanda ake haƙa a Kalambaina, Ashaka da Obajana domin yin siminti. Ba shi da nauyi sosai, kuma cike yake da ƙananan ramuka kamar soso. A cikin ramukan ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke zama, suna mayar da amoniya da ke fita daga kashin kifi zuwa naitret wanda bai kai shi illa ba. Saboda haka dutsen shi ne matatar akwatin.

Sai dai wannan dutse yana da hali guda: yana riƙe sinadarin fosfet a jikinsa. Manomi ya san fosfet, domin shi ne harafin P da ke jikin buhun takin NPK. Duk abincin da kifi ya ci ko ya bari, da duk abin da ya mutu ya ruɓe a ruwan, yana sakin fosfet, dutsen kuma yana tsotsewa. Bayan shekaru sai ya zama tamkar rumbun taki. Da zarar an zuba sabon ruwa mai tsabta, sai dutsen ya fara amayar da abin da ya tara, gansakukar da ke manne a jikinsa ta shanye nan take. Wannan ne ya sa wani lokaci gwajin ruwa ke nuna babu fosfet alhali akwatin ya yi kore shar.

A nan arewa akwai ƙarin hanyoyin da takin ke shiga. Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse kan zo da fosfet, naitret da silika, gwargwadon ƙasar da ya ratso. Ƙurar hunturu ma tana ɗauke da fosfaras. Wani kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ragowar ƙananan halittun ruwa. Akwatin da aka bari a buɗe daga Disamba zuwa Fabrairu yana samun rabonsa.

Hanya ta farko: kulle dutsen a duhu

Wannan ita ce hanya mafi sauƙin haɗari, kuma ita kaɗai ce ke barin bakteriyar dutsen da rai. Ana ciro dutsen a goge shi da buroshi mai tauri a cikin bokitin tsohon ruwan akwatin, a jijjiga shi har dattin ramukansa ya zube. Daga nan a sa shi a babbar roba mai murfi, a cika da sabon ruwan gishiri, a sa ƙaramin injin da zai riƙa motsa ruwan, a rufe yadda haske ba zai shiga ba. Gansakuka ba ta rayuwa sai da haske, don haka za ta mutu, yayin da bakteriya ke ci gaba da cinye dattin.

Kowane mako a sake gogewa, a zubar da ruwan, a zuba sabo, a auna fosfet. Aikin kan ɗauki mako huɗu zuwa takwas, dutsen da ya tara da yawa kuma ya kan kai wata uku. Alamar an kammala ita ce datti ya daina taruwa a ƙasan robar, kuma ma'aunin fosfet ya tsaya ƙasa bayan ruwan ya yi kwanaki ba a sauya ba. Ana so zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke haura digiri 35, wajibi ne a ajiye robar a inuwa. Haka kuma a tanadi batir ko wutar sola domin injin, saboda idan ruwa ya daɗe bai motsa ba iskarsa za ta ƙare, bakteriyar ta mutu, dutsen ya fara wari.

Idan akwai kifi a akwatin, kada a kwashe duwatsun gaba ɗaya a rana guda. A ciri kamar kashi ɗaya cikin uku, a bar sauran su ci gaba da tace ruwa.

Hanya ta biyu da ta uku: bilic da asid

Dutsen da ya riga ya bushe, ko wanda miyagun halittu suka mamaye, ana iya jiƙa shi a ruwan bilic marar ƙamshi, ma'auni ɗaya cikin ma'auni goma na ruwa, na tsawon kwanaki har zuwa mako guda. Bilic yana cinye matattun tsirrai da naman da ke cikin ramuka. Bayan haka a ɗauraye sau da yawa, a jiƙa da maganin kashe kulorin da masu kiwon kifi ke amfani da shi, a shanya a rana har warin ya ɓace ƙarƙaf. Amma bilic ba ya cire fosfet ɗin da ya riga ya kama jikin dutsen.

Abin da ke cire shi da sauri shi ne asid, domin yana narkar da ɓawon dutsen na waje inda fosfet ya fi taruwa. Masu kiwo kan haɗa ma'auni ɗaya na asid ɗin haidirokulorik da ma'auni goma na ruwa, su tsoma dutsen na minti 15 zuwa 20, sannan su zuba bakin soda har kumfa ya daina tashi. Ana yin wannan aiki ne a fili, da safar hannu da tabarau, nesa da yara. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Kuma kada a kuskura bilic ya haɗu da asid, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai iya kisa. Dole dutsen ya bushe sarai tsakanin aikin biyu.

Dutsen da ya sha bilic ko asid ya zama matacce. Sai an sake jiƙa shi a ruwan gishiri na kimanin mako huɗu zuwa shida, bakteriya ta dawo, gwaji ya nuna babu amoniya, kafin a haɗa shi da kifi.

Abin da ba a yi: tafasa dutse

Wasu kan ga kamar ruwan zafi ne zai gama da gansakuka cikin gaggawa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. A jikin duwatsun teku akan sami wasu ƙananan halittu masu laushi, masu kama da furanni, dangin Palythoa, waɗanda wasunsu ke ɗauke da dafin palitoksin, ɗaya daga cikin dafi mafiya ƙarfi da aka sani. Masana biyu na Jami'ar Hawaii, Richard Moore da Paul Scheuer, su ne suka fara ware shi a 1971. Tafasa dutsen, zuba masa ruwan zafi ko kankare shi a busasshe yana tayar da dafin ya bi iska.

A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton aƙalla mutum 10 da ake zaton dafin ya shafa a jihar Alaska tsakanin 2012 da 2014. A Maris na 2018 kuma, an kwashi mutum 10 zuwa asibiti a yankin Oxfordshire na Ingila, ciki har da ma'aikatan kashe gobara, bayan an wanke duwatsun akwatin kifi a cikin wani gida. Alamomin sun haɗa da zazzaɓi, tari, sarƙewar numfashi, ciwon jiki, ɗaci a baki da zafin ido. Dafin ba shi da makari. Duk wanda ya ji haka bayan taɓa dutsen teku ya fita da iyalinsa daga ɗakin, ya garzaya asibiti, ya kuma gaya wa likita aikin da ya yi.

Bayan an wanke

Dutse mai tsabta zai sake tara taki idan ba a toshe kafar da yake shigowa ba. A riƙa haɗa ruwan akwatin da ruwan da aka tace da na'urar RO da gishirin teku na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita. Gishirin girki ba ya yi. A ba kifi abin da zai cinye cikin minti biyu, a sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ɗaya ko biyu, a taƙaita hasken fitila zuwa awa takwas ko tara a rana, a kuma nisanta akwatin daga taga. Dodon koɗin teku da kifaye masu cin tsirrai suna taimakawa wajen kiwace ɗan abin da ya tsiro.

Ba a kuma son fosfet ya ƙare baki ɗaya, domin murjani kansa yana rayuwa ne da taimakon wata ƙaramar gansakuka da ke cikin namansa. Yawancin masu kiwo kan riƙe shi tsakanin miligiram 0.03 zuwa 0.1 a kowace lita. Ɓawon nan mai launin ruwan hoda ko shunayya da ke mamaye dutse kuwa alamar lafiya ce, a bar shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa gyara tsohon dutse ya fi sayen sabo. Murjani mai ƙashi yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta sa wa cinikinsu ido, kuma Najeriya na cikin yarjejeniyar tun 1975 da ta fara aiki, don haka shigo da shi yana buƙatar takardun izini. Ruwan wankin ma a kula da inda ake zubar da shi: gishiri, bilic da asid suna ƙone shuka, kuma abin da ya bi magudanar ruwan sama a Abuja yana ƙarewa ne a rafuka da tafkuna irin na Jabi.

Mai kiwon tarwaɗa a Kuje ko Gwagwalada da ruwan kududdufinsa ke yin kore zai gane wannan bayani, domin ƙa'idar ɗaya ce: inda ragowar abinci ya taru kuma rana ta haska, gansakuka za ta tsiro. Shi yana kwashe taɓon ƙasan kududdufi kafin ya zuba sabbin 'ya'yan kifi. Mai akwatin teku kuma taɓonsa yana cikin ramukan dutse, fitar da shi kuwa aikin makonni ne da ma'auni a hannu.