HAIKALIN TANJAWUR: GININ DA YA RIƘE LISSAFINSA SHEKARA DUBU

A can kudancin Indiya, a jihar Tamil Nadu, akwai wani gari wai shi Tanjawur, a cikin ƙasar fadama mai albarkar shinkafa inda kogin Kaweri ya ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. A garin nan ne mabiya addinin Hindu su ke da wani haikali wanda a ke kira Birihadishwara, amma mutanen wurin da harshensu na Tamil Babban Haikali kawai su ke ce masa. An gama gininsa cikin shekarar 1010, yana nan tsaye har wa yau, ana kuwa ibada a cikinsa. Mun zaɓi labarinsa ne ba don girmansa kaɗai ba, sai don wani abu da a ka rubuta a jikin bangonsa, wanda mu ka tabbata zai ja hankalin duk mai riƙon littafin kuɗi ko rajistar makaranta.

SARKIN DA YA GINA

Wanda ya sa a ka yi ginin shi ne Sarki Rajaraja na Ɗaya, na gidan sarautar Chola, wanda ya yi mulki daga 985 zuwa 1014. Watau zamaninsa ya zo daidai da lokacin da a ke lissafin Bagauda ya fara sarautar Kano. Mayaƙi ne ƙwarai. Ya ci sarakunan Pandiya da na Chera maƙwabtansa, ya kuma ƙetare ruwa ya kama arewacin tsibirin Siri Lanka. Amma ba yaƙi kaɗai ya iya ba, gama ya sa an auna gonakin ƙasarsa an kimanta harajinsu, an kuma raba ƙasar gunduma gunduma. Da dukiyar ganima da ta haraji ya fara ginin nan wajen 1003, domin abin bautarsa Shiwa, a ka ƙare cikin kamar shekara bakwai.

FASALIN GININ

Wanda ya zo daga gabas zai bi ta manyan ƙofofin dutse, ya fita cikin wata farfajiya mai tsawon ƙafa kusan 800, faɗinta kuwa kamar 400. Abin da zai fara tarar da shi shi ne siffar bijimi a durƙushe, wanda su ke kira Nandi, an sassaƙa shi daga dutse guda. Bayansa akwai zauruka masu ginshiƙai, sa'an nan ɗakin tsakiya mai duhu inda alamar Shiwa ta ke, wadda tana cikin mafiya girma a Indiya duka.

Bisa ɗakin nan ne hasumiya ta tashi, tsayinta ya ɗara ƙafa 200. Gindinta murabba'i ne, ko wane gefe kusan ƙafa 100, daga nan ta yi hawa 13, ko wane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, har ta tsuke a can ƙoli inda a ka ɗora ƙubba. Cikinta kuwa rami ne, ba cushe ta ke ba. Dabarar maginan ita ce, ko wane jeri na duwatsu su kan turo shi ciki kaɗan fiye da na ƙasa, nauyin na bisa ya danne na ƙasa, har bakin ya haɗu. Dutsen da su ka yi aiki da shi irin mai taurin nan ne wanda ya ke cinye bakin kurfi, ga shi kuwa babu irinsa a fadamar Tanjawur, sai daga nesa a ka jawo shi.

ABIN DA BAKI YA KE FAƊA

Gini irin wannan ba ya rasa almara. An ce wai inuwar hasumiyar ba ta taɓa faɗuwa ƙasa. To, gani ya kori ji: da safe da maraice inuwar tana nan kwance a farfajiya, sai da tsakar rana ne ta kan taƙaita bisa gindin ginin saboda faɗinsa. An ce kuma ƙubbar dutse guda ce mai nauyin tan 80, wai tudun ƙasa a ka yi mai gangare tun daga wani ƙauye mai nisan mil huɗu, giwaye su ka jawo ta. Masu binciken gini na zamani sun ce duwatsu ne da dama a ka harhaɗa. Bijimin nan ma an ce da can kullum ƙara girma ya ke yi, sai da a ka kafa masa ƙusa a baya ya tsaya. Alhali kuwa ba na zamanin Rajaraja ba ne, sarakunan Nayak ne su ka kawo shi bayan shekara ɗari biyar da wani abu.

Wadda ta fi daɗin ji ita ce ta wata tsohuwa, Alagi. Wai ba ta da abin da za ta bayar sai tsala, kullum ta kan kai wa magina su sha da zafin rana. Da aiki ya zo ƙarshe ta roƙe su su ɗauki wani falalen dutse da ke gidanta su sa a ginin, su ka ɗora shi a ƙoli. Sai sarki ya yi mafarki Shiwa yana ce masa, a inuwar tsohuwar nan na ke hutawa. Ko ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ya nuna yadda talakawa su ka nemi a tuna da nasu gumin.

ABIN DA DUTSE YA KE FAƊA

Yanzu mu zo ga abin da ya sa mu ka ɗauko labarin. Rajaraja ya ba da umurni a sassaƙa a jikin haikalin duk abin da shi ya bayar, da abin da yayarsa Kundawai ta bayar, da na matansa, da na sauran masu kyauta. Saboda haka gindin bangon kewaye ya ke da rubutun Tamil, layi bisa layi, kuma mafi yawansa lissafi ne tsantsa.

A ciki an rubuta cewa ran kwana na 275 na shekara ta 25 ta sarautarsa sarki ya ba da tulun jan ƙarfe wanda a ka dalaye da zinariya don a kafa a ƙolin hasumiya. Da wannan ne masana su ka san shekarar gama ginin. An rubuta nauyin ko wane kayan ado, da yawan lu'ulu'un da ke jikinsa, har da masu aibi a cikinsu. Ba a ɓoye ba kuma cewa wata zinariyar daga taskar sarakunan da ya ci da yaƙi ta fito.

An jera sunayen mata 400 masu rawar ibada, ko wace da haikalin da a ka ɗauko ta, da layin da gidanta ya ke, da rabonta na shekara, watau shinkafa awo 100 da ma'aunin da su ke kira kalam. An jera maza fiye da 200: makaɗa, da mawaƙa, da maɗinka, da maƙeran zinariya, da wanzamai, da magina tukwane, da akawuna. An sa doka cewa in ma'aikaci ya mutu ko ya ƙaura, ɗan'uwansa na kusa wanda ya iya aikin ya gaje shi. An faɗi ƙauyukan da za su aiko da masu gadi da ma'aji, da waɗanda harajinsu zai zo haikali, har da na Siri Lanka.

Dubi kuma sha'anin fitilu. Maimakon a riƙa sayen mai, sai a ka ba makiyaya dabbobi amana: don fitila guda tumaki 96, ko shanu 48, ko ɓaunar gida 16, makiyayi ya riƙa kawo man da a ka kaɗa daga nononsu ko wace rana. Kuɗin haikali kuwa a kan ba majalisun ƙauyuka rance, ko wane takwas su haifi ɗaya a shekara.

BAYAN CHOLA

Ɗansa Rajendra ya mai da babban birni wani wuri, ya gina nasa haikalin a can. Daga baya Nayak su ka yi mulkin Tanjawur, sai Marata har 1855, sai Turawan Ingila. A hankali mutanen gari su ka daina iya karanta tsohon rubutun, har a ka riƙa jingina ginin ga waɗansu sarakuna dabam. A 1886 gwamnati ta ɗauki wani Bajamushe, Eugen Hultzsch, aikin karanta rubuce-rubucen da, ya kuwa fara buga na Tanjawur a 1891, sunan Rajaraja ya komo wurinsa. A 1931 wani malamin tarihi, S. K. Govindaswami, ya gano zane-zanen zamanin Chola a wani lungu mai duhu kewaye da ɗakin tsakiya, a ɓoye ƙarƙashin fentin Nayak. A 1987 hukumar UNESCO ta sa haikalin cikin kayan tarihin duniya, a 2010 kuma a ka yi bikin cikarsa shekara dubu, masu rawa 1,000 su ka taka a farfajiyarsa.

To, masu karatu, fadar Rajaraja ta rushe, rundunarsa ta watse, baki kuma ya manta da shi ya kama zancen inuwa da giwaye. Abin da ya ƙwato masa haƙƙinsa, shi da makiyayansa da wanzamansa, aikin akawu ne wanda ya ƙidaya daidai ya rubuta daidai. Malamin da ya gaji da cika rajista da maraicen nan, ya tuna da takwarorinsa na Tanjawur.